Matuƙin da ya fasa sauka ba matsoraci ba ne

Duk hunturu sai an ji fasinjoji na mita: jirgi ya sauko har an hango rufin gidaje, sai ya sake tashi, ko kuma aka karkata shi daga Kano zuwa Abuja saboda hazo. Wasu har cewa suke matuƙin bai ƙware ba. Ni a ganina wannan matuƙin shi ya cancanci a yi masa godiya, kuma abin da ya faru a tsibirin Guam, wani yankin Amurka a tekun Pasifik, ya ishe mu hujja.

Daren 5 ga Agusta, 1997, jirgin Korean Air ƙirar Boeing 747 ya taso daga Seoul zuwa Guam ɗauke da mutum 254. Ana ruwa, ga duhu. A filin jirgin Guam, ɓangaren na'urar saukar jirage ta ILS da ke nuna wa matuƙi gangaren da zai bi har ƙasa ba ya aiki, kuma jami'in da ke kula da zirga-zirgar jirage ya sanar da su haka. In babu wannan gangare, saukowa takan zama kamar bin matakala: ka tsaya a ƙafa 2,000, ka wuce wata alama, ka sauko 1,440, ba za ka ƙara yin ƙasa ba sai ka wuce tashar rediyon da ke nuna wa jirage hanya a kan tsaunin Nimitz.

Ba su tsaya ba. Rikodin ɗakin matuƙa ya nuna suna ta tambayar juna ko na'urar tana aiki, alhali jirgi na ci gaba da nutsewa. Mataimakin kyaftin ya ce a fasa sauka, amma saura 'yan daƙiƙoƙi kacal, kyaftin kuma ya yi nawa. Jirgin ya daki tsaunin, fiye da kilomita 5 kafin titin sauka. Mutum 228 suka rasu.

Abu ne mai sauƙi a ce "kuskuren matuƙi" a rufe fayil. Hukumar NTSB mai binciken haɗurran sufuri ta Amurka ba ta tsaya nan ba. Ta ɗora wa kyaftin laifin rashin tsara saukar yadda ya kamata, ta kuma ga laifin abokan aikinsa biyu da ba su sa masa ido ba. Amma ta lissafa gajiyarsa, da ƙarancin horon da kamfanin ke bayarwa kan irin wannan sauka. Ta kuma gano cewa hukumar FAA mai kula da sufurin jiragen sama a Amurka da kanta ta taƙaita aikin na'urar da ke yi wa jami'in radar ƙararrawa idan jirgi ya yi ƙasa fiye da kima, har ta zama ba ta da amfani a kusa da filin. Wannan na ƙarshe ya fi ci mini rai, domin wanda ya yanke wannan shawara yana zaune ne a ofis, ba barci a idonsa, ba ruwa na dukan gilashinsa.

Mu ma mun ɗanɗana. A Nuwamba 1983 jirgin Nigeria Airways ƙirar Fokker F28 ya faɗi kafin ya isa titin sauka a Enugu, cikin yanayin da ba a gani sosai, mutum 53 suka rasa rayukansu.

Dokar a fili take: kowace sauka da na'ura tana da iyakar da ba a wucewa. Ka iso wurin ba ka ga titi ko fitilunsa ba, ka ƙara wuta ka tashi. Abin da ke sa mutum ya ɗan ƙara saukowa "don ya leƙa" sananne ne: man jirgi da tsada, jadawali ya rikice, ga manyan mutane a gaba suna duba agogo. Kamfanin da yake tsare matuƙinsa da tambayoyi duk lokacin da ya fasa sauka, shi ke koya masa ganganci. Hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama a Najeriya kuwa, in tana bincikar kamfanoni, ya kamata ta riƙa duba sau nawa jirgi ya sauko ba daidai ba aka kuma lallaɓa aka dire shi a haka, da kuma lafiyar na'urorin saukar filayen Kano, Sakkwato da Maiduguri tun kafin ƙurar Disamba ta taso.