Ranar da sushina ya riga yarona shiga tsere

Wallahi har yau in na ga robar ɗaure gashi sai raina ya sosu. Kun dai san tunda Abban yara ya kwaso mu zuwa Fukuoka ta ƙasar Japan da sunan digiri na uku ban taɓa yarda an raina ni a harkar girki ba, to bana aka saka babban yarona cikin 'yan gudun miƙa sanda a undokai, wato ranar wasannin makaranta da ake raba yara gida biyu, masu jar hula da masu fara. Tun korona makarantu da yawa kafin azahar suke tashi, tamu kuwa ta ce a dawo da cin abinci a fili, kowa ya zo da bento ɗinsa, wato abincin da aka shiryo a akwati daga gida. Na ce to a ranar za su san Bakanuwa ta zo garin.

Tsohuwar nan ta ƙasan benenmu, wadda muke kira obachan, ita ta nuna min jubako ɗinta, akwatin abinci mai hawa uku da ake ɗora wani kan wani, nata baƙi ne mai sheƙi wai na abincin sabuwar shekara. Na je na sayo na roba mai hannu a murfi, na biya shagon yen 100, wanda in ka je biya 110 ne saboda haraji, na kwaso 'yan gidajen onigiri, wato dunƙulen shinkafarsu, masu kusurwa uku guda shida. A cikin kwalin akwatin na tarar da wata baƙar roba mai faɗi, na juya ta na juya ban ga amfaninta ba, ga shi auta na yawo da tsefaffen kai, kawai na ɗaure mata gashi da ita. Ta kuwa yi mata kyau.

Ƙarfe huɗu na asuba na tashi. Shinkafarsu ai ta tuwo ce, gajera mai danƙo, ka zuba ruwan tsaminsu na shinkafa da sukari da gishiri kana fifita, ni da na sha haska kwalabe da waya don kar in kwaso mai mirin, wani ruwan zaƙin girkinsu, tunda akwai giya a ciki. Na shimfiɗa nori, busasshen ganyen tekun da ake naɗe sushi da shi, kan 'yar asabarin goran nan, ƙwai, kokwamba, tuna na gwangwani, ba ɗanyen kifi tunda rana za a sha, na naɗe guda uku na yanka kowanne takwas, 24 cif, sun yi kyau har hoto na tura wa Yaya. Daga nan ne shaiɗan ya raɗa min in sa hannun gida. Na yi dafa-duka da basmati da manja wai zan dunƙula onigiri da ita. Basmati fa! Ina dunƙulawa tana warwarewa, na danna ta cikin gidajen nan da ƙarfin tsiya na rufe.

Wurin zama kuma Abban yara na tura tun shida ya kama mana da tabarmar leda, zan dawo kansa. Can saman matakalar siminti ya shimfiɗa, kusa da banɗaki. Da aka busa hutun abinci obachan ta ɗago min hannu daga ƙasa wai mu sauko inuwa wajensu, na miƙe da atamfata sabuwa da gyale, na kama hannun murfin nan na ɗaga. Taku ɗaya, taku biyu. Sai na ji hannuna ya yi sakayau. Murfi ne kawai a hannuna, hawa ukun sun yi sallama da ni.

Jama'a ashe sushi gudu yake yi. Taya ce fa, zagayayye. Ina tsaye riƙe da murfi ina kallonsu suna sauka matakala ɗaya bayan ɗaya, wani ya kwanta a ta uku, wani ya yi kwana ya shige ƙarƙashin keken jariri, ɗaya kuwa ɗan albarka bai tsaya ba sai da ya tsallake farin layin filin ya je ya jingina da takalmin shugaban makaranta a gaban rumfa. Gidajen onigiri suka fashe, dafa-duka ta watsu ja wur a kan siminti, ƙamshin manja da daddawa ya tashi. Kuma babu wanda ya yi dariya. Wannan ne abin da ya kashe ni. Da a Kano ne wani zai ce Hajiya sadaka ake yi? a tuntsire, ni ma in dara a wuce wurin. Nan kuwa tsit, sai ga iyaye sun durƙusa da jiƙaƙƙen tishu suna tsince min basmati ƙwaya ƙwaya suna daijobu daijobu wato ba komai, ni ina sumimasen sumimasen wato a yi haƙuri ina rusunawa har gyalena ya zame. Wani bawan Allah ya hawo tun daga ƙasa ya miƙo min yanka ɗaya da hannu biyu, duk rairayi, ya sunkuya kamar katin ofishinsa yake ba ni. Me zan yi? Na karɓa da hannu biyu ni ma, na rasa inda zan saka, na saka a murfi.

Obachan ta zo tana dafa ni tana ba da labari, na ce wa yaron fassara min, ya ce Umma don Allah ki bari, na zare masa ido. Wai tatsuniya gare su, omusubi kororin, wani tsoho dunƙulen shinkafarsa ya gangara ramin ɓeraye har ya samo dukiya. Tana cikin magana idonta ya sauka kan auta, ta nuna gashinta, ta nuna akwatin, ta yi alamar ɗauri da yatsu. Sai ta rufe baki da hannu. Ita ma ba ta yi dariyar ba.

Shi kuwa gogan, Abban yara, duk wannan abin yana ina? Yana tsaye a bayana da waya, yana ɗauka. Wai ya zaci gara a samu shaida. Shaidar me, kotu za mu? Mutumin da na ce ya kama wuri a ƙasa ya ce sama ta fi iska, mutumin da ya ga robar nan a kan auta tun a gida, daga baya yake ce min ai shi ya san ta akwati ce, 'yan ɗakin bincikensu duk da irinta suke ɗaure nasu, amma ya ga na yi kwalliya bai so ya ɓata min rai. Kuma da aka zo gudun da ya tara mu, minti biyu cur yana bin wani yaro da kyamara yana ihu yana kiran sunan ɗansa, ashe ɗan mutane ne, wai duk hularsu iri ɗaya. Bidiyon faɗuwar abincina kuwa tar, ko girgiza babu, ya ma tura wa ƙanwarsa, kun san ta, ita ce ta turo min tambayar ko a Japan a ƙasa ake ci.

Konbini, wato 'yan kantunan nan nasu na unguwa, ya je ya sayo mana onigiri mai gishiri zalla, kazar da ta tsira muka haɗa da ita. Jajaye suka ci, mu farare ne. Gidajen onigiri biyar na dawo da su, na shidan ban san inda ya shiga ba, kuma auta ta ƙi ba da robar.