Inuwar hantsi ba ta kai mota azahar

Jiya wajen ƙarfe biyu na fito daga wani ofis a Garki, na shiga mota na kama sitiyari, sai ga ni na sake shi ba shiri. Kamar na taɓa marfin tukunya. Abin haushin, da safe a inuwa na faka ta. Na manta inuwa tafiya take yi. Kakanninmu da ita suke gane shigar azahar da la'asar, mu kuwa ko tunanin inda za ta koma nan da awa huɗu ba ma yi.

Jama'a, zafin Abuja na Maris da Afrilu ba wasa ba ne, yakan kusa kai digiri 40. Mota kuma idan ta rufe a rana, hasken yana ratsa gilashi, ya gasa dashbod da kujeru, zafin ya rasa hanyar fita. Cikin awa ɗaya iskar ciki na iya haura ta waje da digiri 20, kuma yawancin hawan nan a rabin awar farko yake faruwa. Wannan ɗan sauke gilashi da muke yi da faɗin yatsa biyu, kusan kwantar wa kai hankali ne kawai, sai dai ya ba ƙura da masu dogon hannu ƙofa.

Ni a ganina mun sa kuɗinmu inda bai dace ba. Mutum zai kashe dubbai ya yi baƙin gilashi, ya shiga neman takardar izinin 'yan sanda, amma gilashin gaba, wanda shi ne babbar ƙofar rana, yana nan a buɗe. Shimfiɗar nan mai ƙyalli ta rufe gilashin gaba da yara ke tallanta a go-sulo ta fi masa amfani. Idan babu, kwali ma ya yi. Ka juya bayan motar ga yamma idan za ka kai la'asar, ka jefa tawul a kan sitiyari. Da ka dawo kada ka yi saurin kunna esi: sauke gilashi ɗaya, ka buɗe ƙofar ɗaya ɓangaren ka rufe sau biyar ko shida, ka fara tafiya gilasai a ƙasa, sannan ka kunna.

Turaren feshi, laita, fawa bank da magunguna, musamman insulin, ka fita da su. Yaro kuwa, don Allah, ko minti biyar "bari in shiga Kasuwar Wuse in fito" kada a bar shi. Jikinsa ya fi na babba saurin ɗaukar zafi, kuma a Wuse ba a minti biyar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu gina filaza. A sare dogon yaro da mangwaro, a shimfiɗe fili da intalok, a dasa dogayen itatuwan ado masu kamar giginya, na nesa ka sha inuwarki. Sannan a karɓi kuɗin fakin. A ofishinmu bishiya ɗaya tak ta tsira, kuma tun ƙarfe bakwai maigadi ke ajiye mata benci, sai motar oga ta iso ya ɗauke.