Gida mai arha a inda babu abin hawa, ina arhar take?

Jama'a wai ni kaɗai nake ganin abin nan ko kowa ya gani ya ja bakinsa ya yi shiru? Duk sanda aka tashi maganar gidaje masu sauƙin kuɗi a Kano abin da ake fara nema shi ne fili mai arha, fili mai arha kuwa ai sai bayan gari, sai a je can a share gonakin mutane a jera gidaje iri ɗaya a shafa fenti a kira 'yan jarida, amma babu mai tambayar wanda zai kwana a ciki da me zai fito kasuwa da safe.

Mu ɗan yi lissafi. A ce magidanci yana tsaron shago a kasuwar Kwari ko Singa, haya ta kore shi daga Fagge ya koma can gaban Janguza ko bayan Mariri saboda nan ne ya samu ciki da falo daidai ƙarfinsa. Hawa biyu zai yi kafin ya iso, biyu kafin ya koma. A ce kowane hawa naira 300 ne, kuma duk mai hawa ɗan sahu ya san na sassauta, 1,200 kenan kullum, in ya fita kwana 26 a wata ya ba titi 31,200, a shekara ta haura dubu 370. Shi kaɗai fa. Ba a sa yaran da za su tafi makaranta ba, ba a sa maiɗakinsa da za ta je awo ko dubiya ko gidansu ba, ba a sa daren da yaro zai tashi da zazzaɓi ƙarfe biyu ka fito ka tsaya a bakin titi ko kare babu ba. Mafi ƙarancin albashi a jihar nan 71,000 ne, to ku cire 31,200 ɗin nan ku ga abin da ya rage na cefane. Abin da ya gudar wa mai gidan haya da dillali shi ya miƙa wa gidan mai, har da ƙari. Kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 lissafin nan ya ƙara lalacewa, akwai masu ƙananan ayyuka da yanzu sai su kwana a shago ko wajen abokai su riƙa zuwa gida ranar Alhamis, kamar waɗanda suke ci-rani alhali a gari ɗaya suke da iyalinsu.

Shi ɗan sahu ban ga laifinsa ba, shi ma balans yake nema ya kai wa mai mashin. Tun da aka hana acaɓa a farkon 2013 kusan duk garin nan a wuyan Adaidaita Sahu yake, hayis ɗin da muka taso muna hawa daga Bata sun ja baya sosai. Amma tsakani da Allah abin hawa mai ɗaukar mutum uku a baya ɗaya a gefen direba ba shi zai ɗauki garin da ya cinye ƙananan hukumomi takwas ba, daga Dala da Gwale da Fagge da Birni har Ungogo da Kumbotso da Tarauni da Nasarawa, yanzu ma yana kutsawa Dawakin Kudu da Gezawa da Tofa.

Ku duba rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da gwamnatin jiha ta gina. Ba siyasa nake ba don Allah, kar 'yan jar hula da 'yan ɗaya ɓangaren su taso min. Gidaje ne masu kyau, tituna a shimfiɗe, amma shekara da shekaru da yawansu a kulle, ciyawa ta fito a ƙofa, domin mai kuɗin saye yana da inda yake zaune ya saya ne ya ajiye, wanda kuma yake buƙatar wurin kwana ba shi da kuɗin saye, ko an ba shi haya ma sai ya yi tunanin motar da ba shi da ita. Ku kwatanta da Kundila ko Gwammaja, tsofaffin rukunin gidaje ne amma ba za ka taɓa jin an rasa mai shiga ba, saboda kana fitowa ka taka kaɗan ka samu abin hawa zuwa ko'ina.

Ni a ganina mun juya abin ne. Mota ya kamata a fara sawa, gida ya biyo ta. Kano ma Allah ya yi mata tsari mai sauƙi, manyan hanyoyi ne suka fita daga tsakiya, titin Zariya, titin Katsina, titin Gwarzo, titin Haɗeja, titin Maiduguri, ga na Panshekara da Madobi. A sa dogayen motoci a kansu masu layinsu na kansu da tasha da lokaci, wanda ka san in ka fito bakwai saura za ka samu, sannan duk wani filin gwamnati da ke cikin tafiyar minti goma a ƙafa daga tasha a ce na gidajen iyali ne. Ba sabon abu ba ne, birnin Kuritiba a Burazil tun 1974 haka suka yi, suka ce dogayen gine-gine a bakin layin bas za a yi su, Legas ma ta fara nata layin bas ɗin tun 2008. Mu kuwa bakin titi duk ya tafi a filaza da gidan mai, shaguna hawa uku na saman ba kowa sai tantabaru, talaka kuma an tura shi filayen awon igiya marasa tsarin gwamnati can ciki inda lungun ko ɗan sahu ba ya iya juyawa, ba kwata ba famfo sai 'yan garuwa.

Na san za a ce Bakano ba ya son zaman bene, kuma akwai gaskiya a ciki. Matar aure tana son tsakar gida, inda za ta yi shanya ta hura gawayi ta zauna ba mayafi, maigida yana son inda zai sauki baƙo ba sai an ratsa ɗaki ba. To ai wannan aikin masu zane ne, ba dalilin fasawa ba ne. A yi hawa biyu ko uku kawai, kowane gida da ƙofarsa da ɗan filinsa mai katanga ko da a sama ne, ɗaki uku saboda yara maza da mata suna girma, a bar fili a tsakiya na wasan yara da masallaci da Islamiyya, a yarda mace ta yi 'yar sana'arta a ciki. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a kwaso zanen wata ƙasa mai kicin kamar akwati a ce mai 'ya'ya bakwai ya shiga.

Sai maganar wa za a ba. In dai sayarwa za a yi kuɗi hannu to mun san ƙarshenta, mutum ɗaya zai kwashi goma da sunan 'ya'yansa. A yi haya ta wata-wata wadda in ka jure shekaru gidan ya zama naka, da sharaɗin kai za ka zauna, malamin firamare da nas da tela da mai shago a Sabon Gari duk za su iya, abin da yake karya su shi ne a ce kawo na shekara a dunƙule ga la'adar dillali.

Masu cewa a jira jirgin ƙasa na cikin gari, tun 2016 aka sa hannu a kwangilar dala biliyan 1.85 muna jira, in ya zo muna murna. Amma bas ba ta buƙatar wannan kuɗin. An gwada Kanawa Bus a ƙarshen 2022, sai dai an fara da hana 'yan sahu bin wasu tituna tun motocin ba su wadata ba, mutane suka yi carko-carko a hanya, ba shiri aka janye dokar. In za a sake, a bar 'yan sahu su riƙa kwaso mutane daga cikin unguwa suna kawowa tasha, kowa ya samu nasa, kuma a fara da titi ɗaya tak, ni da za a tambaye ni titin Zariya zan ce, daga Kwanar Dawaki zuwa Bata, tunda gidajen Kwankwasiyya da Amana suna kan hanyar.