Yadda Na Zama Marta a Kassala

Ni dai duk unguwarmu ta yammacin kogin Gash, a garin Kassala na Sudan, an san ni da gaggawa. Raksha nake ja, wato keke mai ƙafa uku na haya, ko shayi a tsaye nake sha, ƙafa ɗaya a ƙasa ɗaya a cikin keke. Uwargida kan ce ita tana shakkar ko ni jinin kakan babana ne, mutumin da ya taso daga ƙasar Hausa da ƙafa bayan yaƙin Burmi na 1903 da niyyar Makka, ya iso Kassala ya ce bari ya ɗan huta, to ga mu nan har yau ana hutawa.

Wata Laraba ce, rana kamar ta fasa kai, duwatsun Taka sai huci suke. Na sayo wa uwargida ƙanƙara sanda biyu saboda karkadenta na sayarwa (zoɓo nake nufi, ku mutanen Najeriya), na naɗe a buhu, sai ga wata tsohuwa da buhun gawayi tana ɗaga hannu. Kwaɗayi bai bar ni ba, na ce hau Hajja. Sai da ta zauna na hango zanen gicciye a goshinta ta madubi, irin na tsofaffin matan Iritiriya, amma na riga na ce Hajja kuma ba ta musa ba, a nan kowace tsohuwa Hajja ce. A hanya take gaya min tun lokacin yaƙin ƙasarsu ta tsallako, an gama yaƙin a 1991 ita ba ta koma ba. Na ce ashe ke ma hutawa kika tsaya yi.

Muka isa, ba canji. Ta ce, "Shigo waladi, yanzu jikana zai kawo, ka sha jabana kafin ya zo." Na lissafa a raina, minti biyar.

Jabana gahawa ce. Jama'a, ɗanyen bun, wato ƙwayar gahawar, matar nan ta ɗauko. Ɗanye! Ta wanke shi tsaf, ta hura gawayin da ni da kaina na kawo mata, ta zauna tana fifita kamar wadda aka yi wa alkawarin shekara ɗari, maƙwabtanta huɗu suka shigo cikin fararen mayafai, aka sa lubban a wuta, aka toya gugguru, ni kuwa jikina na kan angarib, gadon igiya, hankalina na cikin buhun ƙanƙara.

Da bun ya soyu ta zagayo da kaskon yana hayaƙi, ta fara da ni tunda ni ne baƙo. Ashe hayaƙin ake jawowa da hannu a shaƙa a yaba. Ni na ɗauka tayi ake min irin na gyaɗa, na sa yatsu uku na dumbuza. Ihun da na yi sai da kajin gidan suka watse. Kar ku ce ɗan Kassala bai san wannan ba, jabanar da na sani ta bakin titi ce, an riga an dafa, ka kurɓa ka biya ka wuce.

Don in kawar da kunya na ce ko da 'yar madara? Suka kalli juna. Laraba da Juma'a azumi suke yi, ba nama ba ƙwai ba madara, kuma tun safe ba su sa komai a baki ba sai yanzu wajen ƙarfe uku. Wato buɗe-bakin mutane na faɗo. Ta daka bun da citta, ta zuba a tulun jabana, da ya tafasa suka miƙe suka yi alamar gicciye suka yi addu'a da yarensu, sannan ta tsiyaya daga sama cikin 'yan finjalai marasa hannu. Gaskiya ya yi daɗi, wannan ba zan ɓoye ba. Na shanye a kurɓa ɗaya na miƙe.

Gidan ya yi tsit.

Ta ce zauna, wannan awal ne, zagayen farko. Akwai kala'i, akwai baraka, kuma ba a tashi a bar baraka, kowanne sai an ƙara ruwa an sake jiran tafasa. Ganin ina ta leƙen ƙofa sai ta ba ni labari daga Linjila, wai Yesu ya sauka gidan wasu 'yan'uwa mata biyu, Maryamu ta zauna tana sauraronsa, Marta na ta kai da kawo da tukwane har ta kawo ƙara, ya ce mata Marta, Marta, kin cika damuwa da abubuwa da yawa. Tsofaffin nan suka juyo gaba ɗaya suka kalle ni. Ni da gemuna da 'ya'ya biyar, daga ranar sunana Marta.

Aka kira la'asar, ba ta jira na tambaya ba ta miƙo buta da tabarma mai tsabta ta nuna min alƙibla, mu da har yau muke cewa gabas alhali daga nan arewa ta fi karkata. Na idar, baraka na jirana. Na sha a hankali, har na ji kafaɗuna sun sauko, har na ba su labarin kakan babana suka yi ta dariya.

Da na fito, awaki uku ne ke shan ƙanƙarata a ƙarƙashin raksha. Jiƙaƙƙen buhu na kai gida. Jikan kuma bai zo ba. Daren nan idona kamar na mujiya har asuba, zuciya na kiɗan kalangu.

Ranar Juma'a uwargida ta ce in kai ta, ita za ta karɓo kuɗin mota da na ƙanƙara, a shiga ɗaya a fita ɗaya. Na tsaya a waje. Sai bayan magariba ta fito tana ƙamshin lubban, ba ko fam ɗaya a hannunta, ta hau ta gyara zama ta ce, "Marta, ja mu tafi. Laraba mai zuwa ƙarfe biyu da rabi za ka kawo ni, kuma Hajja ta ce ka taho mata da gawayi."