Ƙugiya ta Sayarwa

An kammala gasar kacici-kacici, Malam Alƙalin Gasa yana duba takardun amsa, Bakano da Bazazzagi da Badamagare suna tsaye a kansa.

Malam: Alhaji, tambaya ta uku ta ce, mene ne iskar hunturu take kwasowa daga hamada ta rufe gari da shi? Kai kuma ka rubuta kura, saboda haka ba ka da maki.

Bakano: Allah gafarta Malam, duk wanda ya taɓa yin hunturu a Kano ya san abin da nake nufi, domin tun da aka kafa Kasuwar Kurmi ba a taɓa ganin iska ta ɗauko dabba mai haƙora ta sauke a rumfar wani ba.

Malam: Abin da ke takarda nake dubawa. Ƙura tana da ƙugiya a kan harafin farko, kura ba ta da ita, kamar yadda baƙi suka bambanta da baki, ƙaya kuma ta bambanta da kaya.

Bazazzagi: Malam, ka yi masa uzuri, ai Bakano ne. Ya lissafa tawadar da ƙugiya za ta ci, ya ga babu riba a ciki, ya bar ta. Mu kuwa a Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, rubutun boko gadonmu ne.

Malam: To, magajin boko, tambaya ta bakwai ta ce, wace dabba ce masu wasa suke sa wa takunkumi su zaga gari da ita? Ka rubuta ƙura.

Bazazzagi: Hannuna ne ya saba da alheri, ba ya iya wuce harafi bai yi masa kyauta ba.

Badamagare: Ni kuma laifin me na yi da ka ja mini jan biro a kan ƴa, alhali a makarantun Nijar da ƙugiya ake koya mana rubuta ta, ku ne a Nijeriya kuke maƙala mata waƙafi a sama ku rubuta 'ya?

Malam: Kai ka yi gaskiya, na mayar maka da makinka, tun da yake ma'ana ba ta sauya ba. Waɗannan biyun kuwa sun mayar da dabba ƙasa, sun mayar da ƙasa dabba.

Bakano: Malam, a tsaya a yi lissafi. Ni ina da giɓin ƙugiya ɗaya, wannan bawan nawa yana da rarar ɗaya, idan aka haɗa takardun biyu babu abin da ya ɓace. Bazazzagi, sayar mini da ita, naira ɗari, kuɗi hannu.

Bazazzagi: Albarka.

Bakano: Ɗari da hamsin, ka ga kai ma kayan da suka yi maka yawa ne suka kayar da kai.

Badamagare: Ku dakata da cinikin, ku ɗaga kai ku karanta ƙyallen da aka rataya a bayan Malam. An rubuta Babbar Gasar Kasa, kuma iyakar sanina kasa macijiya ce, wadda idan ta sari mutum ba ya sake amsa tambaya.

Malam: Wannan laifin mai buga ƙyallen ne, na'urarsa ba ta da harafin.

Bakano: A shagonsa na sayi birona. Bazazzagi, kada ka sallama wa Malam, ni na fara tayawa.

Malam: Ɗari biyu, kuma a kawo tsani.