Man kifi ba zai dawo miki da gashin goshi ba

'Yan'uwa mata, yau maganar ƙwayar man kifi zan yi, wadda tallanta ya cika WhatsApp da Instagram a wajen masu kayan gyaran jiki. Hoton mace ne da gashi har gadon baya, a ƙasa an rubuta omega-3, wato nau'in man da ke cikin kifi, wata uku kacal. Matsayina a fili yake: babu wata hujja mai ƙarfi da ta nuna cewa shan wannan ƙwaya yana tsirar da gashi ko yana hana shi zubewa ga wadda take cin abinci daidai gwargwado. Kuɗin da ake zubarwa yana damuna, amma watannin da mace take ɓatawa tana jiran ƙwaya ta yi aiki, alhali ainihin matsalarta tana ƙara yin nisa, sun fi damuna.

Masu tallan ba daga sama suka tsinci maganar ba. A 2015 an wallafa wani bincike da aka yi a kan mata 120 masu fama da raguwar gashi. Kashi biyu cikin uku nasu sun sha wata ƙwaya tsawon wata 6, sauran ba a ba su komai ba. A ƙarshe kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda suka sha sun ce zubewar ta ragu, hotuna ma sun nuna gashin ya ɗan ƙara cika. Nan masu talla suke tsayawa. Abin da ba sa faɗa shi ne ƙwayar ba man kifi ba ne zalla: akwai man ƙwallon wani ɗan itace a ciki, da bitamin C, da bitamin E, da sinadarin da ke sa tumatir ja. To wanne ne ya yi aikin a cikinsu? Sannan matan sun san suna shan abu, ɗaya rukunin sun san ba sa sha, domin ba a ba su ƙwayar bogi ba kamar yadda ake yi a ingantaccen gwajin magani. Duk wadda ta yi wata 6 tana haɗiyar abu kullum da sa rai, ranta zai so ta ga canji. Ƙari a kan haka, kamfanin da ke yin ƙwayar yana da hannu a binciken.

Sauran hujjar ta ɓeraye ce. A 2018 masu bincike a Koriya ta Kudu sun shafa wa ɓeraye wani man kifi da aka sarrafa, gashinsu ya yi saurin fitowa. Shafawa ce, ba sha ba, kuma ɓera ba mutum ba ne. In ma ɓerayen za mu bi, a 2022 wasu masana a Jami'ar Iowa ta Amurka sun ciyar da ɓeraye abinci mai yawan man kifi, sai gashinsu ya zube. Wannan ba ya nufin ƙwaya ɗaya a rana za ta sa miki sanƙo, yawan da aka ba ɓerayen ya wuce misali. Amma wanda ya kawo miki labarin farko ya ɓoye na biyu bai yi miki adalci ba.

Gaskiya ne idan jiki ya rasa wasu nau'o'in mai gaba ɗaya, fata takan bushe, gashi ya zube. Likitoci sun ga haka a jikin marasa lafiyan da aka daɗe ana ciyar da su ta jijiya da ruwan da babu mai a cikinsa. Sai dai man da aka fi rasawa a irin wannan hali shi ne wanda yake cike a man gyaɗa da man riɗi. Wadda take cin miyar taushe da ƙuliƙuli da kantu ba ta cikin wannan layin.

To me ya sa ƙawarki ta rantse cewa ta sha ta ga amfani? Ba ƙarya take yi ba, lissafin ne ya ruɗe ta. Kan mutum yana ɗauke da silin gashi wajen 100,000, kuma zubar 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Kowane sili yakan yi shekaru yana tsawo, ya huta kamar wata 3, ya faɗi, wani ya fito a gurbinsa. Idan jiki ya sha wuya, kamar haihuwa, ko zazzaɓi mai zafi irin na taifod ko maleriya, ko tiyata, ko tashin hankali, sai gashi mai yawa ya shiga hutu lokaci guda. Bayan wata 2 zuwa 3 sai ki ga yana bin mataji dam-dam. Mai jego ta fi kowa sanin wannan: wajen wata 4 da haihuwa abin yake tsananta, kuma yawanci kafin jariri ya shekara gashin ya dawo da kansa. A daidai lokacin da zubewar ta kai maƙura ne hankalin mace yake tashi ta sayi ƙwaya. Wata 3 bayan nan gashi ya fara dawowa kamar yadda dama zai dawo, sai a ce man kifi ne. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama.

Yanzu ga inda zuciyata take. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Fiye da rabinmu ke nan. Ƙarancin ayon, wato sinadarin ƙarfe da jiki yake haɗa jini da shi, yana cikin abubuwan da likita yake fara dubawa idan mace ta zo da zubewar gashi, musamman mai zubar da jini da yawa lokacin al'ada ko mai haihuwa kusa da kusa. Idan gashinki yana zuba, kina yawan kasala, kina ganin jiri, kina haki in kin hau bene, ki je a auna jininki. Man kifi ba ya ɗauke da ayon. Haka ma matsalar maƙoƙo, ko da wuya bai kumbura ba, tana zubar da gashi, kuma gwajin jini ne yake gano ta.

Sai kuma abin da ba ma so a faɗa: kitso. Ƙananan kitson da ake ja har fatar goshi ta tashi, har mace ta kasa runtsawa daren farko sai ta sha maganin ciwon kai. Ƙarin gashi mai nauyi da ake saƙawa a kan ɗan siririn gashin gaba. Ɗaure gashi tamau da ribom a wuri ɗaya kullum, a ɗora ɗankwali mai matsewa. Man miƙar da gashi da ake barin sa har ya ƙona fatar kai, a kuma yi kitso a kansa kwana biyu bayan nan. A Afirka ta Kudu, wani bincike da aka yi a birnin Cape Town ya samu kusan mace 1 cikin 3 tana da irin wannan cinyewar gashi ta dalilin ja, kuma abin ya fi yawa ga masu yin kitso a kan gashin da aka sa wa man miƙarwa. Da farko gashin yana iya dawowa idan aka daina jan sa. Idan aka yi shekaru ana ja, saiwar takan mutu, wurin ya yi sumul, kuma daga nan babu ƙwaya ko man shafawa da zai tsirar da shi. Wannan ne ya sa nake jin zafi idan na ga an ce wa mai cinyayyen goshi ta sha man kifi wata 6. Wata 6 ɗin nan da ta yi tana sha tana ci gaba da zama gaban mai kitso, wataƙila su ne damarta ta ƙarshe. Don Allah iyaye, idan yarinya ta ce kitso yana mata zafi, ko kuka ga ƙananan ƙuraje a bakin goshinta, a kwance shi. Ba shagwaɓa ba ce. Idan kuma wani zagaye ne ya fito a kan yaro yana farin ɓawo gashin wurin yana karyewa, wannan makero ne, maganin sha yake buƙata daga asibiti.

Maza masu sanƙo, naku gado ne da sinadaran jikin namiji. Magungunan da aka tabbatar suna rage shi sanannu ne, minoxidil na shafawa da finasteride na sha, kuma likita ne ya kamata ya ɗora ku a kai. Man kifi ba ya cikinsu.

Ba ina cewa man kifi banza ba ne. Yana rage wani nau'in kitse a cikin jini, kuma likitoci suna rubuta shi don haka. Amma ba alewa ba ne. Shan sa da yawa yana ƙara haɗarin rikicewar bugun zuciya, kuma mai shan maganin tsinka jini ya tambayi likitansa kafin ya fara. A kula kuma da bambancin man kifi da man hantar kifi, domin masu sayarwa sukan haɗa su a suna ɗaya. Man hanta yana da bitamin A mai yawa, shi kuwa bitamin A idan ya wuce ƙima shi kansa yana zubar da gashi, yana kuma iya cutar da ɗan da ke ciki. Mai juna biyu kada ta sha sai da sanin asibitin da take awo.

Idan omega-3 kike so, kifin titus da shawa da sadin na gwangwani suna da shi, tare da furotin da gashi yake ginuwa da shi. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka cin kifi sau 2 a mako take ba da shawara. Kuɗin kwalba ɗaya ta ƙwayar nan, ki raba shi biyu: rabi ki kai wa mai kifi a kasuwa, rabi ki biya gwajin jini. In sakamakon ya fito lafiya kuma zubewar ta wuce wata 6, ki nemi likitan fata ya duba kanki da idonsa, ki kuma je masa da kan a tsefe.