Ranar da na kai ƙarar kaina

Tunda Hajiyar ofishinmu ta riga ta baza nata labarin, wai na ba direba firintarta, bari ni ma in faɗi nawa.

Na gaji ne da haddace lambobin adireshin na'urorin ofis. Sai na jawo tsohuwar kwamfutar nan da ke ƙarƙashin teburina, na sa mata wata manhaja mai suna dnsmasq, ta riƙa raba wa na'urori adireshi, ta kuma riƙe sunaye, mai son buga takarda ya rubuta "firinta" kawai ya huta. Na ba ta 192.168.1.10, na ce ta yi rabo daga 20 zuwa 150, aron awa 12. Na tashi aiki ina jin kaina wani injiniya.

Washegari rabin ofis na da intanet, rabi babu. Waɗanda babu ɗin ma ba su tsaya wuri ɗaya ba, wanda ya samu da safe sai ya rasa da ya kashe ya kunna. Oga ya leƙo ya ce mene ne. Na ce, "Oga, kamfanin intanet ne, sun saba." Har da girgiza kai. Da na tsaya nan da sauƙi. A'a, sai da na buga musu waya, na saki sifika don kowa ya ji yadda zan wanke su.

Wata baiwar Allah ta ɗauka, murya a sanyaye. Na zazzage mata bayani, na ambaci DNS, na ambaci tasha ta 53, na jefa 67 da 68 ba gaira ba dalili, don dai ta san ba da ɗan koyo take magana ba. Ta bar ni na gama. Sai ta ce, "Yallaɓai, je kan kwamfutar da ba ta aiki, ka rubuta ipconfig, ka karanto mini lambar da ke gaban Default Gateway."

Na karanta da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai sanarwa. Ɗari da casa'in da biyu. Ɗari da sittin da takwas. Ɗaya. Goma.

Ta ce lambar rautarsu, wato na'urar da ke kawo mana intanet, da 1 take ƙarewa, wace ce 10? Na ce ai tambayar da zan yi mata ke nan. Wallahi haka na ce, Oga na tsaye. A nan ne yaron nan mai koyon aiki, wanda bai taɓa buɗe baki ba tun zuwansa, ya ce, "Yaya, ba wadda ke ƙarƙashin teburinka ba ce?" Kowa ya sunkuya ya leƙa. Ita kuwa tana can tana ta ƙifta koren ido cikin ƙura. Matar ba ta yi dariya ba, shiru kawai ta yi, kuma shirun ya fi dariyar ciwo. Ta ce ko akwai wani abin da za ta taimaka mini da shi?

Ashe dnsmasq in ba ka faɗa masa ƙofar fita zuwa intanet ba, wato Default Gateway ɗin nan, kansa yake nunawa. Layi ɗaya ne tak, dhcp-option=3,192.168.1.1, ban rubuta ba. Ga shi ban kashe DHCP na rautar ba, wato nata rabon adireshin, masu rabo sun zama biyu, na'ura ta bi wanda ya riga amsa mata. Wanda rauta ta amsa wa ya shiga intanet, wanda tsohuwar kwamfutata ta amsa wa ya shiga ƙarƙashin tebur.

Amma ita Hajiya me ya kawo ta ciki? Firintarta 192.168.1.50 ce, da hannu aka sa mata, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Kuma kullum in za ta tashi sai ta kashe ta, ta lulluɓe ta kamar jaririya. Shi dnsmasq yakan ƙwanƙwasa adireshi kafin ya bayar, ya ƙwanƙwasa 50 ya ji shiru, ya miƙa wa wayar direba. Hajiya ta iso ta kunna, rikici ya tashi. Yanzu tana yawo tana cewa na ba direba firintarta. Matar da ta taɓa zare wayar rauta ta sa cajar wayarta, muka yini muna nema, na rufa mata asiri!

Na gyara komai cikin minti biyar, rabo ya koma farawa daga 100. Sunan "firinta" yana aiki lafiya lau. Ba mai amfani da shi. Yaron ma an ce Oga ya tambayi sunansa.